Mesa a ɗakin zaure: Yadda muka gina mata gidan da ba za ta sake gudu ba

Kwana biyu cur aka yi ana neman ta a gidan su abokinmu. An ɗaga katifu, an janye kujeru, an zazzage takalman makaranta ɗaya bayan ɗaya, har buhunan masarar da ke sito sai da aka sauke. Ƙannensa mata suka kwashe zannuwansu suka koma ɗakin kakarsu, suka ce su da ɗakinsu sai an ga abin da ido. A dare na biyu aka same ta a bayan firij, ta naɗe kusa da injin inda ɗumi yake, ta cusa kanta a tsakiyar jikinta kamar gammo. Ba ta sari kowa ba, ko huci ba ta yi ba. Amma Hajiya, mahaifiyar abokin namu, a tsaye ta yanke hukunci: ko dai a yi wa wannan abu mazauni mai kullewa kafin Juma'a, ko ya bar mata gida, a raye ko a mace.

'Yar mesa ce, tsawonta bai wuce santimita 70 ba. Yayan abokin namu ne ya zo masa da ita daga Legas, daga wurin wani mai kiwonsu, saboda ya san ƙanin nasa nazarin dabbobi yake karantawa a jami'a. A kwalin taliya aka ajiye ta, aka ɗora littafi a kan murfin, aka je aka kwanta. Mu uku ne 'yan aji ɗaya da muke tafiya tare, kuma dukkanmu mun ci jarrabawar dabbobi masu jan ciki da maki mai kyau. Ranar muka gane cewa ko ɗaya daga cikinsu ba mu san yadda ake ajiye shi ba.

Muka garzaya wurin malaminmu. Sai da ya gama yi mana faɗa tas, mai dalili kuwa, domin ba a kawo dabba gida sannan a fara tunanin inda za ta kwana. Daga nan ya yi mana tambaya guda: a daji, ina wannan mesar take wuni? Ya ce idan muka amsa wannan, mun gama rabin aikin kafinta.

Wace irin mesa ce wannan?

Idan Bahaushe ya ce mesa, abin da ke zuwa masa a rai shi ne ƙatuwar nan ta bakin kogi da duwatsu, wadda kan kai mita huɗu ko biyar, mai haɗiye akuya. Wannan ba ita ba ce. 'Yar uwarta ce ƙarama, masana na kiran ta Python regius, sunan da wani Bature masani mai suna George Shaw ya laƙaba wa jinsin a 1802. Turawan Ingila suna kiran ta mesar sarauta, Amurkawa kuma suna danganta ta da ƙwallo, saboda idan ta tsorata ba ta kai sara, sai ta dunƙule ta ɓoye kanta. Mu dai mesa 'yar dunƙule muke ce mata. Babba a cikinsu yawanci tsakanin santimita 90 ne zuwa 150, kuma mata sun fi maza girma. Ba ta da dafi. Ganimarta take naɗewa ta matse.

Abin da ya ba mu mamaki shi ne, wannan maciji da yara a Amurka da Jamus da Japan suke ajiyewa a ɗakunansu, ɗan yankinmu ne. Daga Senegal har zuwa Sudan ta Kudu da Yuganda ake samun sa, a filayen ciyawa da gefen gonaki da bakin kurmi. Ƙasashen Gana da Togo da Binin ne suka fi fitar da shi waje, dubbai a kowace shekara. A garin Wida na ƙasar Binin akwai ɗakin bauta na gargajiya da aka keɓe wa waɗannan mesoshi, kuma a yankin Idemili na jihar Anambra al'adar mutanen wurin ta hana a kashe mesa ko da ta shigo ɗaki.

To, amsar tambayar Malam: a rami take wuni. Ramin gafiya ko na ɓeraye da aka bari, ko kogon suri. Wuri mai duhu, matsattse, mai danshi, wanda zafinsa ba ya hawa da sauka sosai ko da rana na ƙuna a waje. Sai dare ya yi take fitowa. Duk abin da muka yi daga baya ƙoƙari ne na kwaikwayon wannan rami a cikin ɗakin zaure a Kano.

Kafin mu ci gaba, ƙannenmu, ga magana guda da ba ma so ta wuce ku. Kada wani ya karanta wannan shafi ya je gona ko bayan makaranta ya ga ɗan maciji mai zane ya naɗe, ya ce ai 'yar dunƙule ce, ya kai hannu. Kububuwa ma ƙarama ce, mai ɗige-ɗige, ita ma naɗewa take yi, kuma ita ce ta fi kowane maciji kashe mutane a filayen arewacin Nijeriya. Ku tambayi mutanen Kaltungo a jihar Gombe, inda har asibiti na musamman ake da shi saboda saran maciji. Ɗan kasa shi ma gajere ne mai kauri mai zane. Mu da muke karanta abin a aji ba ma ɗaukar macijin daji da hannu, balle ku. Wanda maciji ya sara kuwa, asibiti za a kai shi nan take, ba tsaga, ba ɗauri, ba tsotsa.

Juma'a ta kusa, akwati bai samu ba

Kafinta ya ce mako guda zai yi yana aikin, Malam kuma ya ce ko an gama sai an bar akwatin ya sha iska. Wa'adin Hajiya kuwa kwana huɗu ne. Sai muka sayi babban mazubin roba mai murfi, irin wanda ake adana kaya a ciki, mai maƙalai a gefe. Muka ɗora ƙusa a wuta muka huda ƙananan ramuka jere a saman bangon robar, daga ciki zuwa waje, don kada kaifin robar da ta narke ya kasance ta wajen mesar. Muka shimfiɗa farar takarda a ƙasa, muka sa kwanon ruwa da ƙaramin kasko a kife. Maƙalan murfin ba mu yarda da su su kaɗai ba, sai da muka ƙara ɗaure shi da igiyar roba biyu. Hajiya ta zo ta tsaya daga bakin ƙofa, ta sa aka jijjiga murfin a gabanta, sannan ta ƙara mana mako uku.

Ashe ma wannan zaman roba yana da amfaninsa. Sabon maciji ana fara ajiye shi a wuri marar tarkace, a kan farar takarda, don a ga kashinsa, a kuma ga ko yana ɗauke da wasu ƙananan ƙwari baƙaƙe masu shan jini, waɗanda ba su fi ƙwayar barkonon da aka daka ba. Suna maƙalewa a gefen ido da ƙarƙashin haɓa. A kan takarda ana ganin su suna tafiya, amma a cikin ƙasa ko ɓawon itace sai sun yi yawa kafin a farga. Tamu ba ta da su, alhamdu lillahi.

Babban akwatin kuwa, mun yi shi tsawon santimita 120, faɗi 60, tsayi 60. Wannan shi ne awon da masu kiwo da yawa suke ba da shawara ga babbar mesa irin wannan, kuma dabarar ita ce ta iya miƙewa a ciki. Kafintan ya yi ta mamakin wannan girma ga abin da bai kai kamu biyu ba, amma girma za ta yi, kuma ba mu da kuɗin yin akwati sau biyu. Bango uku da rufi da ƙasa duk katako ne mai kauri, gaba ne kawai gilashi. Akwatin gilashi zalla, irin na kifi, yana da kyaun gani, sai dai dabbar da ta saba da rami ji take yi kamar an ajiye ta a tsakiyar kasuwa. Ƙofar kuma ta gaba muka yi, ba ta sama ba, domin a daji abin da ke saukowa daga sama shaho ne.

Danshi yana cin katako, don haka muka shafe cikin da man katako irin wanda ake sirkawa da ruwa, muka shimfiɗa ledar ɗaki a ƙasa muka toshe gefunanta, muka bar akwatin a buɗe a inuwa fiye da mako biyu har warin ya fita gaba ɗaya. Gwajin mai sauƙi ne: rufe akwatin na awa guda, buɗe, sa kanka ciki. Idan ka ji wari, bai yi ba.

Wurin da muka fi daɗewa shi ne neman kafa. Ƙa'idar ita ce duk inda kan maciji ya shiga, sauran jiki zai bi, kuma jikin nan tsoka ce zalla. Littafin da aka ɗora a kan kwalin taliya ba komai ba ne a wurinta. Da dare za ta bi kowace kusurwa da hancinta tana turawa, ba gajiya, ba abin da take jira. Muka sa sakata biyu a ƙofar, sama da ƙasa, saboda sakata ɗaya a tsakiya tana barin kusurwa ta ɗaga. Muka ƙara kwaɗo. Ramin da wayar lantarki ta bi muka yi shi daidai kaurin wayar. Da daddare muka sa tocilan a ciki muka kashe fitilar ɗaki, duk inda haske ya ɓullo muka duba shi. Wuri biyu muka samu da kafintan ya rantse babu.

Toshe kafa daban, toshe iska daban. Waɗanda suka karanta Arrow of God na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1964, za su tuna yaron nan Oduche da ya kulle mesa a akwatinsa don ta rasa iska ta mutu. Mu rayuwa muke nema mata. Muka yi tagogi biyu ƙanana, ɗaya ƙasa-ƙasa a wannan gefe, ɗaya sama a wancan, don iska ta riƙa ratsawa. Muka rufe su da farantin roba mai ƙananan huji, muka ɗaure da kusoshi. Ragar ƙarfe mai kaushi tana goge wa maciji hanci har ya yi gyambo, ragar sauro kuma turawa ɗaya ta yage.

Zafi: inda littattafan Turawa suka bar mu a hanya

Maciji ba ya haɗa ɗumin jikinsa kamar mu. Idan yana son ɗumi sai ya je inda ɗumi yake, idan ya ishe shi ya matsa. Shi ya sa aka same ta a bayan firij a watan Disamba. Saboda haka akwatin ba zafi ɗaya ake so ya kasance ba. Gefe ɗaya mai ɗumi, wajen digiri 31 zuwa 32, ɗaya gefen mai sanyi-sanyi, wajen 25 zuwa 27, ita ta zaɓa da kanta. Da dare kada ya sauka ƙasa da 23 ko 24. Idan sanyi ya yi mata yawa abinci ba ya narkewa a cikinta, sai ta amayar, ko ciwon numfashi ya kama ta. Alamarsa ita ce buɗe baki, da kumfa ko majina a hanci, da ƙara idan tana numfashi. Wannan aikin likitan dabbobi ne, ba na jiƙe-jiƙe ba.

Kusan duk bayanan da muka samu a intanet mutanen ƙasashen sanyi ne suka rubuta su, damuwarsu guda ce, yadda za a ɗumama akwati. Mu a nan damuwarmu biyu ce. A cikin hunturu daren Kano yakan sauka ƙasa da digiri 15. A bazara kuma, Afrilu zuwa Mayu, rana takan haura 40, ɗaki mai rufin kwano ya zama tanda. Kuma zafi ya fi sanyi saurin kisa: mesa za ta iya jure daren sanyi ɗaya, amma akwatin da ya wuce digiri 35 ko'ina, babu inda za ta gudu, yana iya halaka ta cikin sa'o'i.

Don hunturu, mun ɗaura abin ɗumamawa na tangaran a rufin gefe ɗaya, irin wanda ake murɗawa kamar ƙwan fitila amma ba ya ba da haske, don kada ya mayar mata da dare rana. Abu biyu ne ba a sasantawa a kansu. Na farko, sai an kewaye shi da kejin waya, domin maciji yakan naɗe abu mai zafi ya ƙone har tsoka bai saki ba. Na biyu, sai an haɗa shi da na'urar da ke yanke wuta idan zafi ya kai inda aka saita. A wurin masu sayar da kayan injin ƙyanƙyasar kaji muka sami tamu. Abin ɗumamawa ba tare da wannan na'ura ba, gara babu shi. Muka kuma sa ma'aunin zafi biyu masu lamba, ɗaya a kowane gefe, a ƙasa inda take kwanciya, ba a sama inda idonmu ya fi saurin gani ba. Kwana uku muka yi muna kunna akwatin babu kowa a ciki, muna rubuta awo safe da rana da dare, kafin muka yarda muka sa ta.

Sai kuma ɗauke wuta, wanda babu littafin da ya ambata. Dabararmu ita ce gorar ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, a naɗe ta da tawul a ajiye a kusurwar gefen ɗumi, a lulluɓe akwatin da bargo a bar tagogin iska a buɗe. Abokin namu ya sha tashi ƙarfe uku na dare a watan Janairu yana ɗora ruwa, kuma ba da fara'a ba.

Da bazara ta shigo muka kashe abin ɗumamawar gaba ɗaya, muka sauke akwatin ƙasa a kan siminti, a bangon da rana ba ta duka, nesa da taga. Ko minti talatin hasken rana ya yi yana ratsa gilashin nan, ya isa. A ranakun da ma'auni ya fara taɓa 33 a gefen da ake kira mai sanyi, sai mu ɗora gorar ƙanƙara a naɗe a tsumma a kan rufin, mu jiƙa kaskon ƙasar da ke ciki. Hikimar randa ce: ruwa na tsattsafowa yana bushewa, cikin yana sanyi.

Danshi, kasko da shimfiɗa

Laimar iskar akwatin ana so ta tsaya wajen kashi 60 cikin 100, ta ɗan haura idan mesa za ta yi saɓa. A tsakiyar hunturu iskar Kano takan bushe har ƙasa da kashi 20. Ku tuna yadda leɓɓanku da dugaduganku suke yi a lokacin. Ita kuwa illar a saɓa take fitowa. Macijin da ya sami danshi yana tuɓe tsohuwar fatarsa guda ɗaya, kamar an cire safa. Wanda bai samu ba sai ta riƙa fita gutsure-gutsure, wani ya maƙale a ido, wani ya zagaye ƙarshen wutsiya ya matse har jini ya daina kaiwa.

Abin da ya cece mu shi ne shimfiɗar. Bayan ta gama zaman takarda, ɓawon kwakwa muka samo, muka daddatse, muka wanke, muka jiƙa muka matse, muka zuba kaurin yatsu huɗu. Maimakon fesa ruwa a sama, sai mu tsiyaya shi a kusurwoyi, ƙasa ta jiƙe sama ta zauna a bushe. Kwanciya a kan jiƙaƙƙen wuri kullum tana ruɓar da fatar cikin maciji, don haka danshi ake nema, ba caɓi ba. Kafintan ya yi mana tayin buhun garin katako kyauta, muka yi godiya muka bar masa. Ƙurarsa tana shiga hanci, ba a san itacen da aka yanka ba, wasu itatuwan masu ƙamshi man da ke jikinsu guba ne ga macizai, wani katakon kuma an sha shi da maganin gara. Yashi ma bai dace ba. Ba 'yar hamada ba ce.

Maɓoya biyu ake yi, ɗaya a gefen ɗumi, ɗaya a gefen sanyi, kuma iri ɗaya. Idan ɗaya ce kawai, mesa za ta zaɓi ɓuya a kan lafiyarta, ta zauna a ciki ko tana gasuwa ko tana daskarewa. A shagunan waje ana sayar da kogunan roba masu tsada. Mu wurin masu tukwane muka je muka sayi kasake biyu, muka fasa ƙofa a bakin kowanne, muka goge kaifin da dutse har ya yi sumul, muka kife. Kuskurenmu na farko shi ne mun sayi manya, muna ganin gata muke yi mata. Ta ƙi shiga, ta koma ta matse kanta a bayan kwanon ruwa. Malam ya yi dariya ya ce mu tuna ramin gafiya: so take jikinta ya taɓa bango ta kowane gefe. Da muka sauya da ƙanana, a daren ta shige.

Sauran filin muka cika shi da reshe mai kauri da muka ɗaure don kada ya faɗo, da ganyen roba, yadda za ta iya tafiya daga wannan kasko zuwa wancan ba tare da ta ji a sarari take ba. Kwanon ruwa mai nauyi ne wanda ba za ta kifar ba, ana sauya ruwan kullum ko bayan kwana biyu. Abin da ba a taɓa sawa a ciki shi ne salatif ko wani abu mai danƙo. Danshi zai ɓamɓare shi, ya manne mata, ya fita da fata.

Akwai kuma maƙiyan da ke cikin gidajenmu, waɗanda ba a kawo su a rai. Fiya-fiya, maganin sauro na fesawa da na hayaƙi, duk suna iya kashe maciji a cikin akwati. Sai da muka roƙi Hajiya a daina fesa komai a zauren, aka koma gidan sauro. Turaren wuta ma mun nemi a riƙa yin nesa da shi, wannan kam an kai ruwa rana.

Abinci, da abin da ba a faɗa a bidiyo

Mako biyun farko a sabon gida ba a ɗaukar ta, ba a kiran abokai su zo kallo. Sai ta natsu sannan a gwada abinci. Ɓera take ci, guda, wanda kaurinsa bai wuce wurin da ya fi kauri a jikinta ba. Ƙarama kusan duk mako, babba duk bayan kwana goma zuwa mako biyu ko fiye. Wani zai ce ai ɓera ba ya wuya a gidan Bahaushe. A nan haɗarin yake. Ɓeran gida yana ɗauke da cututtuka, ciki har da zazzaɓin Lassa da wani jinsinsu ke yaɗawa ga mutane, kuma ba ka san ko ya ci shinkafar ɓera a maƙwabta ba. Idan ya ci, gubar ta wuce cikin mesar. Fararen ɓerayen da ake kiwo don ɗakunan gwaji muke saya. Kuma ba a barin rayayyen ɓera da maciji a akwati a tafi: idan macijin ba ya jin yunwa, ɓeran ne zai ci shi, ya gaigaye masa baya. Matacce ake ba ta, da ɗumi-ɗuminsa, a miƙa da dogon hantsaki, domin tana da wasu ƙananan ramuka a leɓen sama da take jin ɗumin jiki da su, kuma yatsa ma ɗumi gare shi. Bayan ta ci, kwana biyu ba a taɓa ta.

Wani lokaci sai ta ƙi abinci makonni, har watanni, an san jinsin da wannan hali. Idan ba ta rama ba, kuma zafi da danshi suna daidai, haƙuri ake yi. Mu mun sayi ƙaramin sikeli muna auna ta duk wata muna rubutawa.

Duk wanda ya taɓa ta ko kayan akwatinta sai ya wanke hannu da sabulu. Dabbobi masu jan ciki, har da kunkuru da ƙadangare, sukan ɗauki ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi, ba tare da su sun nuna alamar ciwo ba. Ba a wanke kwanonta inda ake wanke-wanken gida, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuma ba sa taɓawa.

Idan kuka tambaye mu ko ɗalibin sakandare ya nemi mesa ya ajiye, gaskiya amsarmu a'a ce, ba yanzu ba. Ba don mugunta gare ta ba. Wannan dabba takan yi shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kula da ita. A gidan namun dajin birnin Saint Louis na Amurka, wata da aka ƙiyasta shekarunta 62 ta yi ƙwai bakwai a 2020. Wanda ya karɓi 'yar mesa yana aji huɗu, za ta raka shi jami'a, ta raka shi hidimar ƙasa, ta ga aurensa. Wa zai riƙe ta idan ya tafi makarantar kwana? Ga kuɗin akwati da na ɓeraye, waɗanda mu uku sai da muka haɗa kafin suka ishe mu. Ga iyaye da maƙwabta, waɗanda wasu tsoro ne zai hana su yarda, wasu kuma dalilin addini, kuma haƙƙinsu ne a tambaye su tun kafin a kawo, ba bayan an kwana biyu ana ɗaga katifu ba. Ga doka: jinsin yana cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES ta 1973, wato ba a tsallaka iyaka da shi sai da takardar izini, kuma Nijeriya tana da dokarta kan cinikin namun daji tun 1985. Mai niyya ya fara zuwa ma'aikatar muhalli ta jiharsa ya yi tambaya. Sayen wadda aka tono daga rami kuwa ƙara wa mafarauta ƙarfi ne, alhali manomi ne ke asara, don ɓerayen gonarsa take ci. Wanda abin ya ba shi sha'awa, ƙungiyar kimiyya ta makaranta za ta iya shirya ziyara gidan zu ko sashen nazarin dabbobi na jami'ar da ke kusa, a gani a yi tambaya.

A ƙarshen watan Fabrairu idanun tamu suka yi shuɗi-shuɗi kamar an zuba madara, launinta ya dushe, ta shige kasko ta ƙi fitowa. Mun san saɓa ce ke tafe, kuma ita ce jarrabawar akwatin namu a tsakiyar bushewar iska. Muka ƙara ruwa a kusurwoyi, muka bar ta. Bayan kwana tara abokin namu ya turo mana hoto da asuba: fata guda, daga hanci har ƙarshen wutsiya, har da murafun idanu biyu, a naɗe jikin reshe. Muka kai wa Malam ita a cikin ambulan, ya ɗaga ta a hasken taga ya duba, ya ce ba laifi.

Kwaɗon yana da makulli biyu. Ɗaya yana wurin abokin namu. Ɗayan Hajiya ta karɓe tun ranar da aka shigo da akwatin, ta ɗaure a bakin zanenta, kuma har yau kafin ta kwanta sai ta aiko ƙaramin gidan ya tsaya daga bakin zaure ya haska tocilan ya gaya mata ko sakata biyun duk a rufe suke.